IN KUNNE YA JI: HORAR DA KUNNE DA DOGAYEN JIMLOLI DON JARRABAWAR SAURARON TURANCI

A manyan ikilisiyoyinmu na Arewa, kamar na Kaduna da Jos da Zariya da Gombe, ba a rasa matasa maza da mata masu shirin zama jarrabawar Turanci ta ƙasashen waje. Waɗansu ma'aikatan jinya ne masu neman izinin aiki a Ingila, waɗansu ɗalibai ne masu neman gurbin ƙaro ilimi, waɗansu kuwa ma'aikatan ikilisiya ne da aka yi musu alkawarin tallafin karatun tauhidi idan suka kawo takardar shaidar iya Turanci. Kuɗin zama irin wannan jarrabawa ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, sau da yawa ma sai dangi ko zumuntar mata sun yi karo-karo kafin a haɗa shi. Saboda haka faɗuwa a cikinta ba asarar mutum ɗaya ba ce.

Kukan da muka fi ji daga bakin waɗanda suka fito daga ɗakin jarrabawar bai shafi karatu ko rubutu ba. Sashen sauraro ne yake kayar da su. Abin mamaki kuma shi ne, idan aka ba su rubutaccen abin da aka faɗa, za su karanta su ce ai babu kalma ɗaya da ba su sani ba. To, ina matsalar take ke nan? A ganinmu, ba ƙarancin kalmomi ne babbar cutar ba. Kunne ne yake sakin jimla tun ba ta kai ƙarshenta ba, alhali a Turanci sau da yawa a can ƙarshen ne ma'ana take. Wannan cuta tana da magani, kuma rabin maganin yana nan cikin majami'unmu.

YADDA JARRABAWAR TAKE

Jarrabawar da 'ya'yanmu suka fi zama ita ce IELTS, wadda aka fara a 1989, kuma hukumar British Council da ƙungiyar IDP ta Ostireliya da sashen jarrabawa na Jami'ar Kambirij ne suke gudanar da ita tare. Sashen sauraronta yana ɗaukar kimanin minti 30, da tambayoyi 40, an raba shi kashi 4. Kashi na farko hira ce tsakanin mutum biyu a kan harkar yau da kullum, kamar neman ɗakin haya. Na biyu mutum ɗaya ne yake bayani, alal misali a kan wani wurin yawon buɗe ido. Na uku tattaunawa ce ta ɗalibai da malaminsu, wadda takan kai mutum huɗu. Na huɗu kuwa lacca ce irin ta jami'a, kuma ba a tsayawa a tsakiyarta don a ba ɗalibi lokacin duba tambayoyi kamar yadda ake yi a sauran. Duk abin da aka kunna, sau ɗaya tak ake jin sa.

Ana auna sakamakon daga 0 zuwa 9. Bisa ƙiyasin masu jarrabawar, wanda ya ci tambayoyi wajen 23 yana samun 6, wanda ya ci wajen 30 kuwa yana samun 7. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya tana neman 7 a sashen sauraro. Ke nan tambaya ɗaya ko biyu da suka kuɓuce wa mutum sun isa su raba shi da abin da ya shekara yana nema. Akwai kuma OET, wadda aka shirya musamman don ma'aikatan lafiya. Sashen sauraronta yana da tambayoyi 42 cikin kimanin minti 40, ita ma sau ɗaya ake kunnawa.

Yana da kyau mu tuna inda 'ya'yanmu suka fito. A jarrabawar WAEC ta kammala sakandare akwai takarda ta uku ta Turanci mai tambayoyi 60 a kan furuci, amma a Nijeriya ɗalibi da ido yake karanta tambayoyin ya zaɓi amsa, ba a kunna masa wata murya. Takwaransa na Gana kuwa sauraro yake yi. Sakamakon haka, yaro yana iya gama sakandare da kyakkyawan sakamako a Turanci ba tare da an taɓa gwada kunnensa ko sau ɗaya ba.

INDA GIZO YAKE SAƘA

Bari mu ƙirƙiro jimla irin wadda akan ji a kashi na biyu ko na uku: "The meeting, which was originally going to be held in the library on Tuesday, has now been moved to Thursday, although the venue remains the same."

Tambayar da ke kan takarda ita ce, wace rana za a yi taron? Kunnen da bai sami horo ba, da zarar ya ji Talata sai hannu ya rubuta, hankali ya tafi tambaya ta gaba. Amma Talata tana cikin reshe ne kawai, wato bayanin da aka cusa a tsakiya. Uwar jimlar ita ce, an mai da taron zuwa Alhamis. Daga nan kuma wani reshe ya biyo baya wanda ya ce wurin taron bai sauya ba, wato ɗakin karatun da aka ambata tun da fari. Wanda ya yi watsi da reshen farko gaba ɗaya, shi ma zai faɗi idan tambaya ta gaba a kan wurin taron take. Ashe ana bukatar mutum ya riƙe duk jimlar, ya kuma san wace ce uwa, wane ne reshe.

Ga wata kuma: "Students who have not paid their fees will not be allowed into the laboratory unless they have a letter from the bursar." A nan akwai korewa sau biyu, sannan a ƙarshe kalmar "unless" ta buɗe ƙofar da aka rufe. Wanda ya daina sauraro a kalmar "laboratory" zai ce an hana duk wanda bai biya ba shiga, alhali mai takarda daga ma'ajin makaranta zai shiga.

Masu shirya jarrabawa da gangan suke yin haka, kuma ba mugunta ba ce. Haka malaman jami'a suke magana, haka likita yake ba da umurni a kan magani. Ma'aikaciyar jinyar da ta ji a ba da magani amma ba ta ji sharaɗin da ya biyo baya ba, hatsarinta ya wuce na faɗuwa jarrabawa.

ABIN DA HAUSA TA SABAR MANA

Kada wani ya ɗauka cewa Bahaushe ko mai jin Hausa bai saba da doguwar magana ba. Wanda ya taɓa sauraron dattijo yana sasanta rikicin gona ya san muna da jimloli masu tsawon gaske. Bambancin shi ne, Hausa tana kafa wa kunne alamomi a kan hanya waɗanda Turanci ba ya kafawa. Za mu ambaci huɗu.

Na farko, a Hausa aikatau yakan zo da ɗan wakilin suna a gabansa, wato su ya, ta, sun, suka. Mu duba wannan: Matar da ta kawo yaron nan asibiti jiya da daddare, bayan an ɗauke wuta, ta koma gida. Ko mai sauraro ya manta da wanda aka fara ambata, wannan "ta" ta ƙarshe za ta tuna masa cewa matar ce ta koma, ba yaron ba. A Turanci sai a ce: "The woman who brought the boy to the hospital last night after the lights went out has gone home." Kalmomi 14 ne tsakanin matar da aikinta, kuma babu abin da ya sake nuna ta. Dole kunne ya ɗauke ta ya riƙe har a iso.

Na biyu, Hausa tana sauya kama idan ta shiga reshe. Muna cewa sun zo, amma waɗanda suka zo. Muna cewa yana zuwa, amma wanda yake zuwa. Kunnenmu da kansa yake gane an shiga reshe. Turanci kuwa yana iya jefar da kalmar da ke haɗa reshen ma baki ɗaya, kamar a nan: "The drugs the doctor ordered arrived late." Sunaye biyu a jere, aikatau biyu a jere, sai mai sauraro ya raba wa kowa nasa. Likita ne ya yi odar, magungunan ne suka makara.

Na uku, idan za mu ambaci mai aiki a Hausa, a gaba muke sa shi: Sarki ya gayyaci fasto. Idan ba ma son ambatonsa sai mu ce an gayyaci fasto. Turanci yana da hanya ta uku, wadda laccoci suka cika da ita, inda wanda aka yi wa aikin yake zuwa farko, mai aikin ya koma ƙarshe: "The pastor was invited by the chief." Wanda "was" da "by" suka wuce shi zai ce fasto ne ya yi gayyatar.

Na huɗu shi ne ya fi wuya. A Hausa kowace gaɓa ana ba ta haƙƙinta a baki, tsawon wasali da hawa da saukar murya ne suke bambanta ma'ana, kamar garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo. Ba ma kuma tara baƙaƙe wuri ɗaya, shi ya sa muka mai da kalmar Bature ta gurasa ta zama burodi. Bature kuwa yana danna waɗansu gaɓoɓi da ƙarfi, ya haɗiye na tsakaninsu. "Should have been" a bakinsa kusan shudabin ake ji. Bambancin "can" da "can't" ɗan kaɗan ne ga wanda bai saba ba, haka na 13 da 30, ko 15 da 50. Abin takaici, ƙananan kalmomin da ake haɗiyewa su ne ƙusoshin da ke riƙe da doguwar jimla.

ƘWAƘWALWA DA ƊAURI-ƊAURI

Wani zai ce, ta yaya mutum zai riƙe kalmomi 25 ko 30 a ka, alhali mai magana yana zubo wajen kalmomi 150 a minti ɗaya? Amsar ita ce, ba kalma-kalma ake riƙewa ba. A 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka mai suna George Miller ya bayyana cewa abin da mutum yake iya riƙewa a lokaci ɗaya bai wuce guda 7 ba, ko ya ɗara da 2 ko ya gaza da 2. A 2001 wani masanin, Nelson Cowan, ya ce adadin ya fi kusa da 4. Amma dukansu sun yarda cewa idan aka ɗaure ƙananan abubuwa wuri ɗaya, ɗaurin nan abu ɗaya ne a wurin ƙwaƙwalwa.

Mun san wannan a aikace. Lambar wayar hannu a Nijeriya tana da alƙaluma 11, ba kuwa wanda yake faɗarta tiryan-tiryan. Sai a yanka ta uku, huɗu da uku da huɗu. Mai itace ma ba ya ɗauko kara ɗai-ɗai daga daji, dami yake ɗaurewa. Haka jimlar taron nan da muka kawo a sama, dami huɗu ce kawai: taron, da shirin farko, da sauyin rana, da wurin da bai sauya ba. Dukan horon da za mu ba da shawara a kai, manufarsa ke nan, kunne ya daina tsintar kara ya koma ɗaukar dami.

MATAKAN HORO

Mataki na farko da ido ake yin sa. A ɗauki sharhin jarida ta Turanci, a zaɓi jimloli 5 mafiya tsawo. A kowace, a ja layi ƙarƙashin wanda ake magana a kai, a ja wani ƙarƙashin babban aikatau, a zagaye kowane reshe. Sannan a karanta uwar jimlar ita kaɗai da ƙarfi, a sake karantawa tare da rassan, ana ɗan sassauta murya a kansu. Kunne ba zai gane ginin da ido bai taɓa gani ba.

Mataki na biyu shi ne gina jimla da baki. Mutum biyu ko uku su zauna. Na farko ya faɗi gajeriyar jimla, a ce ma'aikaciyar jinya ta tafi. Na biyu ya maimaita ya ƙara reshe mai bayyana wace ma'aikaciya ce. Na uku ya maimaita duka ya ƙara dalili, a dawo kan na farko ya ƙara sharaɗi. Duk da Turanci, ba tare da takarda ba, har sai jimlar ta gagari wani. Wanda bakinsa ya saba gina irin wannan jimla, kunnensa yakan hango inda ta dosa idan wani ne yake faɗa.

Mataki na uku shi ne sanin kalmomin da ke juya magana. Ba su da yawa, kuma ya kamata a san su kamar yadda direba ya san alamun hanya. "Although" da "whereas" da "despite" suna cewa abin da ke biye da su ba shi ne babbar magana ba, a jira. "However" da "actually" da "instead" suna cewa abin da aka ji a baya yana gab da rushewa. "Unless" da "provided that" da "as long as" sharaɗi suke kawowa. "Originally" da "used to" da "was going to" kuwa labarin abin da ya riga ya sauya suke bayarwa. Duk lokacin da aka ji ɗaya daga cikinsu, a riƙe alƙalami tukuna.

Mataki na huɗu shi ne sauraro sau uku. A nemi magana ta minti ɗaya ko biyu wadda take da rubutaccen kwafi, kamar shirye-shiryen koyon Turanci na BBC da ake samu a intanet. Karo na farko a saurara hannu sake, a faɗi abin da aka fahimta. Karo na biyu a tsai da muryar a ƙarshen kowace doguwar jimla, a amsa tambaya ɗaya: wa ya yi me, bisa wane sharaɗi? Karo na uku a bi da ido a kan rubutun. Duk inda aka ga kalmar da aka sani amma kunne bai kama ba, a yi mata alama, a sake jin wurin har sai ta fito. Waɗannan alamomi su ne darasin gaskiya, gama suna nuna wa mutum ramin da shi kansa yake faɗawa.

Mataki na biyar na ƙungiya ne. Wata malamar Turanci a Ostireliya, Ruth Wajnryb, ta bayyana shi a littafinta na 1990. Malami ya karanta ɗan sakin layi sau biyu da saurin magana na yau da kullum, ba irin shiftar firamare da ake jan kowace kalma ba. Ɗalibai su rubuta manyan kalmomin da suka kama kawai. Sannan su haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu su sake gina maganar, a ƙarshe a gwada da na asali. Gardamar da za ta tashi a tsakaninsu, ko an ce "if" ne ko "unless", ita ce take buɗe kunne.

Mataki na shida shi ne bin sawun mai magana. A kunna muryar, a riƙa maimaita abin da yake faɗa ana biye da shi da tazarar kalma biyu ko uku, ana kwaikwayon inda ya danna da inda ya haɗiye da inda ya numfasa. Ana amfani da wannan dabara wajen horar da tafintoci. Mutum ya naɗi muryarsa a waya ya saurara daga baya. Da farko abin dariya ne, amma wanda ya iya haɗiye "have" da bakinsa zai ji ta idan wani ya haɗiye.

Minti 30 kowace rana har wata uku ya fi awa 6 a ranar Asabar ɗaya amfani, domin kunne da sabo yake koyo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA MUKE DA SHI A MAJAMI'A

Mu Kirista bai kamata doguwar jimla ta zama baƙuwa a gare mu ba. Wasiƙun Manzo Bulus don a karanta su da ƙarfi a gaban jama'a aka rubuta su, kuma masu bi na farko da kunne suka karɓe su. A wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, sura 1 daga aya 3 zuwa 14, jimla ɗaya ce a Helenanci, mai kalmomi wajen 200. Ayoyi huɗu na farko na Bisharar Luka su ma jimla ɗaya ce. A farkon sura 3 kuwa, Luka ya jera sunayen masu mulki da manyan firistoci har 7 kafin ya faɗi abin da ya faru da Yohanna ɗan Zakariya. Wanda ya iya riƙe hankalinsa har mai karatu ya wuce sunayen nan ya iso ga Yohanna, ya riga ya yi abin da kashi na huɗu na jarrabawa yake nema.

Ga yadda za a yi amfani da wannan. Fassarar Turanci ta RSV, wadda ta fito cikakkiya a 1952, ta bar jimlolin da tsawonsu gwargwado. Fassarar Good News ta 1976 kuwa ta yanyanka su gajeru-gajeru. Sai ɗaya ya karanta sashen daga RSV, sauran su saurara littattafai a rufe, kowa ya faɗi uwar maganar, sannan a buɗe Good News da Littafi Mai Tsarki na Hausa a ga ko an dace. Riba biyu ke nan, an horar da kunne, an kuma fahimci Nassi fiye da dā. Ba mu ba da shawarar fassarar King James ta 1611 don wannan aiki ba, saboda Turancinta ya tsufa.

'Yan'uwanmu na Angalikan da na Katolika suna da wata taska kuma, wato gajeriyar addu'ar nan ta ranar da ake yi kafin karatu. Tun daga littafin addu'a na Turanci da Akbishop Thomas Cranmer ya shirya a 1549, yawancin waɗannan addu'o'i jimla ɗaya ce mai gaɓa biyar: a kira sunan Allah, a ambaci wani halinsa ko aikinsa, a yi roƙo, a faɗi dalilin roƙon, a rufe da sunan Yesu Kristi. Gaɓa ta biyu reshe ne, ta uku ita ce uwa. Ran Lahadi mai zuwa, mai karatu ya gwada ya ga ko zai iya faɗin abin da aka roƙa kafin ya ce amin.

Sai kuma tafintocinmu. A majami'un da ake wa'azi da Turanci ana juyawa zuwa Hausa, gogaggen tafinta ba ya buɗe baki idan mai wa'azi ya tsaya a kan "although". Yakan dube shi ya jira sauran, domin ya san rabin jimla yana iya zama kishiyar cikakkiyarta. Waɗannan bayin Allah malaman sauraro ne da ba mu san darajarsu ba. Muna roƙon shugabannin matasa su gayyace su, a keɓe awa ɗaya a mako bayan sujada ko kafin koyon waƙa, a zauna a yi matakan nan tare. Ba a bukatar kome sai benci da waya ɗaya mai ƙarar murya. A kuma buɗe ƙofa ga maƙwabtanmu Musulmi masu shirin jarrabawa ɗaya da 'ya'yanmu, a yi amfani da jarida da labaran rediyo, gama wahalar ɗaya ce.

GARGAƊI KAFIN RANAR

Kada mu ruɗi kowa. Turancin bagade ba shi ne Turancin jarrabawa ba. Masu wa'azinmu da lafazin Nijeriya suke magana, suna kuma maimaita abu sau uku don ya shiga. A IELTS kuwa za a ji muryoyin mutanen Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan da Amurka ta Arewa. Saboda haka karatun majami'a harsashi ne kawai, dole a ɗora masa sauraron baƙin muryoyi kowace rana, a kuma haɗa da darussan kimiyya da tarihi da kasuwanci, ba na addini kaɗai ba.

Na biyu, juya jimla zuwa Hausa dabarar gida ce don a tabbatar an fahimta. A ɗakin jarrabawa babu lokacinta. Wanda ya tsaya fassara a zuci, jimla biyu za su wuce shi. Haka nan sauraro sau uku na watannin farko ne. Idan ya rage mako uku ko huɗu, sai a koma sau ɗaya, da agogo a gaba, da tsofaffin tambayoyin da masu jarrabawar suka buga.

Na uku, kalmomin da ke cikin tambaya ba lalle su ne za su fito daga bakin mai magana ba. Takarda za ta ce abu mai araha ne, murya ta ce ba zai ci kuɗi da yawa ba. Wanda ya zauna yana dakon kalma ɗaya kamar mai jiran mota a tasha, amsa za ta wuce ta gabansa bai gane ta ba. Ma'ana ake farauta. Kuma idan tambaya ɗaya ta kuɓuce, a bar ta a bi ta gaba, kada a yi asarar uku saboda makokin ɗaya. A tuna kuma cewa kuskuren harafi a rubuta amsa yana cinye makin ko da kunne ya ji daidai, don haka a riƙa gwada rubuta sunayen ranaku da watanni da lambobi.

Daga ƙarshe, muna kira ga iyaye da dattawan ikilisiya. Kafin a tara kuɗin rajista, a tambayi yaron ko ya gwada kansa da cikakkiyar jarrabawar gwaji, da nawa ya ci cikin 40. Idan bai kai abin da ake nema ba sau biyu ko uku a jere, a ƙara masa wata biyu. Jinkirin wata biyu ya fi sauƙi a kan sake karo-karo.

Haƙurin jiran mutum ya kai aya kafin a yanke hukunci ba a jarrabawa kaɗai yake da amfani ba. Rigingimu nawa ne a gidajenmu da taron majalisar ikilisiya suka tashi saboda an ji farkon magana ba a jira "amma" ɗin da ke tafe ba? Matashin da ya koyi wannan saboda Turanci, zai tarar ya amfane shi a bakin gadon majiyyaci da kuma cikin gidansa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ubangiji ya ba 'ya'yanmu nasara, ya ba mu duka kunnen ji. Amin.